Yadda na koyi soya shinitsel ba fulawa saboda 'yata da maigidana

Ni haifaffiyar Zariya ce, a Tudun Wada na tashi, kuma aure ne ya kawo ni Biyana, babban birnin Ostiriya, a 2013. Maigidana ya riga ni zuwa da daɗewa, karatu ya kawo shi, aiki ya riƙe shi. Allah Ya ba mu 'ya'ya uku, maza biyu da mace a tsakiya. Labarin da zan bayar na abinci ne, amma ciwo ne ya kai ni gare shi, ciwon mutum biyu a gida ɗaya, kowanne da abin da likita ya hana shi.

Tun 'yata tana da shekara biyar nake ganin jikinta ba daidai yake ba. Ciki kullum a kumbure, ƙafafu sirara, ido ya yi fari. Rigar da na saya mata bara ita ce dai daidai da ita bana, alhali ƙaninta yana neman kamo ta a tsawo. Ta ci abinci, sai ta je ta kwanta a kujera ta riƙe ciki, ba kuka, ba magana. Da na faɗa wa Hajiyarmu a waya, sai ta ce ko tsutsar ciki ce, ko shawara, ta kawo min sunayen saiwoyin da ake jiƙawa. Ban ga laifinta ba, domin da a gida muke, nan tunanina zai fara zuwa ni ma. Likitan yara ya ɗebi jini ya ce ƙarancin sinadarin ƙarfe ne, ya rubuta mata magani na ruwa. Muka sha, muka koma, jini bai hau ba. A nan ne ya ce akwai wani gwajin da yake so a yi, na cutar da ake kira siliyak.

Abin da ya fi min wuya a duk tafiyar shi ne umarnin da ya ba ni a ranar. Ya ce kada in kuskura in daina ba ta burodi da taliya har sai an gama bincike, domin idan aka janye alkama kafin gwaji, alamun cutar suna ɓuya a jini da hanji, sakamako ya fito ba gaskiya ba. To ka ga uwa ta fara zargin abin da ke cutar da 'yarta, kuma ita ce za ta yanka shi da hannunta ta shafa masa bota ta miƙa mata kowace safiya. Na yi, amma Allah kaɗai Ya san yadda zuciyata take a lokacin. Bayan gwajin jini aka zura mata siririyar kyamara ta baki har hanji, aka ɗan gutsuro nama aka duba. A 2019 aka tabbatar mana.

Ga yadda aka yi min bayani, kuma na rubuta shi a takarda don in iya maimaita wa dangi. A cikin alkama da sha'ir da wani hatsi da ake yin baƙin burodi da shi a nan akwai wani sinadari da ake kira gulutin, shi ne ke sa kwaɓin fulawa danƙo. Mai siliyak idan ya ci shi, garkuwar jikinsa sai ta juya ta afka wa bangon ƙaramin hanjinsa. Bangon nan yana da ƙananan tsiro masu ɗimbin yawa waɗanda ke tsotse amfanin abinci, sai su lalace su kwanta, mutum yana ci amma jiki ba ya samu. Kimanin mutum 1 cikin 100 ne ke da ita a Turai. Ba ƙwaya, ba allura, maganinta ɗaya ne: barin gulutin har ƙarshen rayuwa. Ma'aikaciyar da ke koyar da tsarin abinci ta ba ni labarin likitan yara na ƙasar Holan, Willem Dicke, wanda ya lura cewa a lokacin yunwar da aka yi a ƙasarsu a hunturun 1944 zuwa 1945, da burodi ya yanke, yaran da ke fama da wannan ciwo sun samu sauƙi, da burodi ya dawo kuma ciwonsu ya dawo. Na daɗe ina juya wannan labari a raina. Yunwa tana kashe mutane, su kuma waɗannan yara a lokacin ne cikinsu ya huta.

Na dawo gida na kwashe kicin kaf. Rariya, muciya, katakon yanka, na'urar gasa burodi, duk abin da fulawa ke iya maƙalewa a jikinsa na bayar da shi, na sayi sababbi. Dokar Tarayyar Turai ta ce kafin a rubuta wa abinci cewa ba shi da gulutin, sai abin da ke ciki bai wuce miligiram 20 a kowane kilo ba. Wannan ya nuna min ƙanƙantar abin da ake magana a kai: ɓurɓushin burodi a kan wuƙar bota ya isa. Na koyi neman hoton zangarniyar alkama da aka ja wa layi a jikin kwali. Na koyi harafin A, domin tun Disamban 2014 gidajen abinci a Ostiriya suna sa haruffa a gefen kowane abinci don masu rashin jituwa da wani abu, A na hatsi mai gulutin, C na ƙwai, G na madara, E na gyaɗa, haka dai. 'Yata ta iya gano A a takardar abinci tun kafin ta iya karanta dogon layi.

Inda Allah Ya yi mana rahama shi ne abincinmu na gida. Shinkafa, masara, dawa, gero, acha, wake, doya, rogo, babu gulutin a ko ɗaya. Tuwon shinkafa da miyar kuka bai taɓa cutar da ita ba, haka fura, haka ƙosai da alale. Iyayen Turawan da nake haɗuwa da su a asibiti sun fi ni shiga uku, su da safe burodi, da rana taliya, da dare burodi. Mu abin da muka rasa shi ne tuwon semo, da kuskus, da alkubus, da funkaso, da fanke, da cincin ɗin sallah. Ɗanwake na koma yi da garin rogo da na wake da kuka kawai, kamar yadda kakanninmu suke yi kafin a fara zuba masa fulawa. Dunƙulen ɗanɗano kuwa sai na karanta bayansa, domin wasu akwai alkama a ciki. Cikin 'yan watanni cikinta ya saɓe, kumatu suka fito, ta fara gudu a filin wasa har sai na kira ta.

Amma yarinyar da aka haifa a Biyana, tuwo kaɗai bai isar mata ba. Abin da take kewa shi ne shinitsel.

Wanda bai zauna a nan ba zai yi wuya ya gane matsayin wannan abinci. Nama ne ake yankawa fale-fale, a bubbuge shi har ya yi faɗi, a birkiɗa shi a fulawa, a tsoma a ƙwai, a birkiɗa a garin busasshen burodi, a soya cikin mai mai yawa, a kawo da yankan lemon tsami da haɗin dankalin Turawa. Asalin wanda ake kira Wiener Schnitzel, a ƙa'idarsu, da naman ɗan maraƙi ake yin sa, idan na alade ne ko na talo-talo dole a faɗa. Shi ne abincin Lahadi. A tsohon ginin da muke haya, da hantsin Lahadi idan ka buɗe taga za ka ji bugun nama yana tashi daga kicin-kicin ta tsakar gida, kamar yadda ake jin daka daga gida-gida a Tudun Wada idan an tashi yin fura. A makaranta ma ranar da aka yi shi yara murna suke. An daɗe ana ba 'yata na talo-talo tana ci da ƙawayenta, sai ga shi rana ɗaya an ware mata nata abincin a wani kwano daban mai murfi da sunanta a jiki. Wata rana ta dawo ta ajiye jaka ta ce, "Umma, ni ba na jin yunwa a makaranta." Na ce me ya sa. Ta ce, "Kowa yana kallon kwanona."

Gidan abinci ma ba mafita ba ne. Ko da sun ce za su yi mata da garin da ba gulutin, idan a cikin man da aka soya na sauran mutane za a jefa shi, aikin banza ne. Sai na fara yi mata a gida da garin burodi na musamman da ake sayarwa a kanti, wanda aka yi da shinkafa da masara. Ya yi, ta ji daɗi, muka zauna lafiya a kan haka.

A 2021 sai ga na maigida. Ƙishirwa, fitsarin dare, gajiya, rama. Gwajin da ke nuna matsakaicin sukarin jini na wata biyu zuwa uku, wanda idan ya kai 6.5 ake cewa mutum yana da ciwon sukari, nasa ya haura haka da nisa. Aka ɗora shi a kan ƙwayar maganin sukari da ake kira metformin, aka ce ya rage duk abinci mai sitaci sosai, ya riƙa tafiya da ƙafa. Da labari ya isa gida, kowa da shawara ɗaya: a yi masa tuwon alkama. Haka ake gaya wa masu sukari a wajenmu, kuma da kyakkyawar niyya ake faɗa. Amma ni garin alkama ba zai sake shiga kicin ɗina ba, domin ƙurarsa kaɗai idan ta tashi ta sauka a kan abincin yarinya ta isa ta mayar da mu baya. Ban da haka, likitarsa ta ce alkama ma sitaci ce, tuwonta yana ɗaga sukari. Abincin da ya ceci 'yata kuma, wato tuwon shinkafa da masara da burodinta na musamman, shi ne daidai abin da aka ce uban ya rage. Garin burodi na yau da kullum yana da kimanin giram 70 na sitaci a kowane giram 100, wanda ba gulutin ɗin kuwa yakan kai haka ko ya fi.

Na shiga wani lokaci da nake ɗora tukunya uku a kowane dare. Na yara maza, na yarinya, na uba. Gajiyar ba ta dame ni ba kamar yadda teburinmu ya koma. Shi mutum ne mai son ya zauna da 'ya'yansa a ci tare, yana tsokanar wannan yana gutsuro wa wancan. Sai ya fara cewa in ba su su ci, shi zai ci nasa daga baya. In leƙo falo in gan shi shi kaɗai da kwanon ganye da dafaffen ƙwai. Ranar Lahadi ina soya wa yara shinitsel, ƙamshi ya cika gida, sai ya ɗauki rigar sanyi ya ce zai je ya taka ƙafa. Na ce, "Abbansu, ko yanki ɗaya ba za ka ci ba?" Ya ce, "Bar shi kawai, kada in fara." Yarinyar kuma ta fahimci abin da ke faruwa fiye da yadda muke zato. Ta tambaye ni ko don ita ce aka hana Abba tuwon alkamar da Hajiya ta ce zai warkar da shi. A daren nan na ƙudurta cewa ko abinci ɗaya ne a mako, sai na samo wanda mu biyar za mu sa hannu a faranti ɗaya.

Na duba intanet. Yawancin masu rage sitaci da ke koyar da wannan suya, da soyayyar fatar alade da aka niƙa suke maye gurbin garin burodi, wannan kuwa ba namu ba ne. Wasu suna amfani da garin almon. Almon ɗin da aka niƙa, a jikin ledarsa a nan za ka ga sitacinsa bai kai giram 10 a giram 100 ba, kuma ba gulutin. Sai dai shi kaɗai laushi yake yi, yana ɗan zaƙi, ba ya ba da ƙarar nan da ake so idan an sa wuƙa.

Maƙwabciyarmu ta ƙasa ce ta buɗe min hanya, wata dattijuwa da mijinta ya rasu, wadda yarana ke kira Oma, wato kaka. 'Yar jihar Steiermark ce, can kudu wajen Graz, inda ake noman wata kabewa mai 'ya'ya kore shar marasa ɓawo, waɗanda ake matse baƙin mai daga cikinsu. Na same ta a matakala na ba ta labarin damuwata. Ta ce a garinsu ai da 'ya'yan kabewa ake yi wa shinitsel riga, ana daddaka su a haɗa da garin burodi. Ta ce in cire burodin in sa almon a madadinsa mu gani. Da ta kawo min su a kofi na tauna, sai na ce a raina wannan ai ɗan'uwan agushi ne.

Inda muka yi gardama da ita shi ne nama. Na ce naman shanu zan yi amfani da shi, ba na maraƙi ba. Ta girgiza kai ta ce a Ostiriya shinitsel ɗin naman sa ba a yi masa riga, dafa shi ake yi a romo har ya yi laushi, domin yana da tauri. Gaskiyarta ne. Amma naman maraƙi yana da tsada ga gida mai mutum biyar, kuma maigida da yaran maza naman sa suke so, sun gaji da kaza. Na tafi kasuwar Brunnenmarkt a unguwar Ottakring, wajen mahautan Turkawa inda muke sayen naman halal, na yi wa mahaucin bayani. Ya ce kada in ɗauki tsokar cinya ta babban sa, in ɗauki ta kwankwaso, wadda suke kira Hüferl, ta ɗan bijimi matashi. Ya yanka min a gicciye, ba bin tsawon jijiyar naman ba. Wannan gicciyewar ita ce rabin aikin: idan aka bi tsawon zaren nama aka yanka, duk bugun da za a yi masa sai ya ba haƙori wahala.

Ga yadda nake yi yanzu, kuma Oma ce ta tsaya a kaina har hannuna ya faɗa. Kowane yanki kimanin giram 150. Ina cire duk wata farar jijiya ta gefe, domin ita ke sa nama ya nannaɗe a cikin mai. In shimfiɗa shi a cikin ledar firiza, in bubbuga da gefen guduma mai santsi, ba mai haƙora ba, daga tsakiya ina turawa waje, har kaurinsa ya dawo milimita 4 zuwa 5. Ba da ƙarfi ake bugu ba, idan ya huje ruwansa zai fita ya jiƙa rigar. In goge shi da takardar kicin ya bushe sarai, in barbaɗa gishiri gaba da baya.

Sai in jera faranti uku. Na farko garin almon mai laushi ƙwarai, kaɗan, don ya kama danshin naman ya ba ƙwai wurin maƙalewa. A birkiɗa, a kakkaɓe, abin da ya rage a jiki ya zama kamar ba komai. Na biyu ƙwai, guda 2 sun isa yanka 4, a kaɗa da cokali mai yatsu sama-sama, kada ya yi kumfa, da cokali ɗaya na madara. Na uku shi ne rigar: giram 100 na almon mai ɗan tsakuwa-tsakuwa, da giram 60 na 'ya'yan kabewa, da ɗan gishiri da masoro. 'Ya'yan kabewar a turmi nake daka su, ba a bilenda ba. Bilenda tana wuce gona da iri, cikin ƙiftawar ido mai ya fito su dunƙule. A turmi kuwa ina gani da idona, wasu sun zama gari, wasu sun tsaya rabi-rabi, kuma waɗannan rabi-rabin su ke ba da ƙarar.

A nan muka sake saɓawa da ƙa'idar mutanen Biyana. Su a wajensu ba a danna garin burodi a jikin nama, kuma daga faranti sai kasko, ba jira, don rigar ta kumbura ta ɗago daga jikin naman ta yi tudu-tudu. Rigar almon ba ta da wannan hali. Idan ba a ɗan danna ta da tafin hannu ba, zubewa take a mai. Don haka ina dannawa a hankali, in jera su a tire in sa a firji minti 10 ƙwan ya kama. Oma ta kalli wannan ta ce da mahaifiyarta ta gani da ta kore mu daga kicin, amma da ta ga rigar ta zauna daram, ta ce in ci gaba.

Mai kuwa, abin da suke alfahari da shi a nan, bota ce da aka narkar aka tace, wato man shanu. Ranar da ta buɗe gwangwaninsa na shinshina, sai da na tuna kwanon man shanun Hajiya. Saboda likitar maigida ta ja kunne a kan kitse, ina zuba man girki na kanti ya kai zurfin santimita 2 a kasko, in ƙara cokali biyu na man shanu don ƙamshi. Dole naman ya yi iyo, idan mai ya yi kaɗan rigar tana manne wa ƙasan kasko ta ƙone. Zafin wuta shi ne wurin da ya fi buƙatar ido. Su suna soya nasu a kusan digiri 170, amma almon da 'ya'yan kabewa suna saurin ƙonewa su yi ɗaci, don haka nakan tsaya tsakanin 150 da 160. Wadda ba ta da ma'auni ta tsoma bakin cokalin katako, idan ƙananan kumfa suka taso a hankali a gefensa, ya yi, idan suka taso da fushi, a rage wuta. In zura yanki ɗaya ko biyu, ba fi ba, in riƙe hannun kaskon ina ɗan girgiza shi gaba da baya don mai mai zafi ya riƙa hawa saman naman. Minti 2, in juya sau ɗaya tak da faffaɗan cokali, ba da mai yatsu ba don kada ya huda, wani minti 2, in tsame a kan takarda. Launinsa ba zinariya zalla ba ne irin na gidan abinci, ruwan ƙasa ne mai ɗigo-ɗigon kore. Tsakanin zubi da zubi ina kwashe ɓurɓushin da ya zuba a mai, in ba haka ba shi zai baƙanta na gaba.

A maimakon dankali, ina yanka kokwamba fale-fale in sa mata gishiri ta tsane, in haɗa da yogot da tafarnuwa, ga ganyen salak da ɗan man 'ya'yan kabewa. Yaran maza da 'yar'uwarsu nakan dafa musu dankali kaɗan a gefe, shi uban ba ya taɓawa. Lemon tsami kuwa kowa da yankinsa.

Lahadin da na fara kawo shi a babban faranti ɗaya na ajiye a tsakiya, maigida ya tambaya wanne ne nasa. Na ce duka. Yarinyar ta tambaya wanne ne nata, na ce duka. Ta kalli ubanta, ta ɗauki yanki ta sa masa a faranti da hannunta. Bayan awa 2 ya huda yatsa ya auna sukarinsa, likita ta ce masa kada ya wuce 180 bayan cin abinci, ya tarar yana ƙasa da haka sosai. Ya nuna min na'urar bai ce komai ba, ya koma ya zauna cikin yaransa.

Ba na cewa wannan shi ne Wiener Schnitzel, kuma ba na gaya wa 'yan Ostiriya haka. Rigarsa ba ta kumbura, ya fi nauyi a ciki, yanki ɗaya ya ishi babba. Abinci ne mai mai, shi ya sa ya tsaya a ranar Lahadi. Bai maye gurbin maganin maigida ba, yana shan ƙwayarsa yana zagaya unguwa da ƙafa kullum. Kuma gidan da ke da mai rashin jituwa da gyaɗa ko almon, su tsaya a 'ya'yan kabewa zalla. Amma a gidana ya yi abin da na roƙi Allah a kai. Daga kansa na samu ƙarfin gwiwar sauya sauran girkin, har tukunya uku ta dawo ɗaya a yawancin darare: miya ɗaya mai yawan ganye da nama, kowa da gwargwadon tuwon da ya dace da shi.

Daga baya na fara sa masa hannun gida. Nakan ƙara cokali biyu na dakakken ƙuli-ƙuli a rigar, da citta da ɗan barkono, sai ya ba da ƙamshin tsire. Ba a cika shi, domin ƙuli-ƙuli ya riga ya sha wuta sau ɗaya, yana saurin baƙi. Yayata ce ke yi min shi da hannunta a Zariya, ba na sayen na kasuwa ko yajin da aka ƙulla a leda, saboda injin niƙa na unguwa shi ne dai ake kai wa alkama da safe a kai masa gyaɗa da rana. Na gwada agushi a madadin 'ya'yan kabewa, ya yi, sai dai yana so a ɗan gasa shi sama-sama kafin a daka. Oma ta ci na ƙuli-ƙulin, barkonon ya sa ta hawaye, ta ce in rubuta mata yadda ake yi.

Akwai abin da nake so iyaye mata na gida su ji daga bakina. An sha ce min wannan ciwon Turawa ne, wai zaman Turai ne ya jawo mana. Ba haka ba ne. Binciken da aka wallafa a 1999 a kan yaran Sahrawi, mutanen Yammacin Sahara, ya samu cutar a jikin 5.6 cikin 100, ninkin abin da ake gani a Turai sau da yawa, kuma a nahiyarmu suke. Yau a garuruwanmu yaro yana karyawa da burodi, rana taliya, dare tuwon semo, abin da kakanninsa ba su saba ci ba. Idan yaro yana ci ba ya girma, ciki a kumbure, gudawa ba ta ƙarewa, jini ba ya hawa duk da magani, a tambayi likita ko za a duba siliyak, kuma kada a janye masa alkama kafin a yi gwajin. Wanda kuma lafiyarsa ƙalau, babu dalilin da zai sa ya bar alkama don ya ga ana yayi. Mu ba don sha'awa muka bari ba.

Yanzu yarinyar ita ke bugun naman, ni ina kan kasko, yayanta yana daka 'ya'yan kabewa. Gwajin jininta na shekara-shekara yana fitowa lafiya, alhamdulillahi, ta kuma kamo sa'o'inta a tsawo. Idan ya rage, takan yanka shi ta sa a kwanon makaranta washegari, ta ce ƙawayenta har roƙonta suke ta ɗan gutsura musu.

Muna shirin zuwa Zariya hutun bazara, kuma tun yanzu na fara yi wa Hajiya bayanin abin da za a tanada: sabuwar muciya, sabuwar rariya, tukunya da kasko da ba a taɓa sa musu fulawa ba, garin tuwo kuma a daka a gida, kada a kai inji. Da farko ta ce wannan ai wahala ce, amma da jikarta ta karɓi wayar ta ce ita ce za ta soya mata naman da hannunta, sai Hajiya ta ce a faɗa mata mudu nawa na agushi za a saya, kuma wane mahauci za a yi wa magana ya ajiye tsokar kwankwaso. Almon ɗin daga nan zan tafi da shi.